Wadda Ta Fara Tsayawa a Bayana

Shekarun baya, tun kaina bai san furfura ba, ina da shagon gyaran rediyo a bakin kasuwar Rogo. Shago ne dai a suna, don in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Amma akwai benci biyu a ƙofa, ga inuwar darbejiya, ga kuma wata doguwar eriya da na ɗaure a kan gora, wadda ke kamo mini tashoshin duniya tar kamar a maƙwabta ake maganar. Shi ya sa ƙofar shagona ta zama majalisa. Da an idar da la'asar za ka ga manoma da masu awo da direbobin motar Kano, har da Fulanin da suka kawo dabbobi kasuwa, kowa ya nemi wuri ya zauna a ji abin da duniya ke ciki.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Na yi koyon sana'a a birnin Kano, na ɗan iya karanta jarida, sai nake ganin duk ƙasar Karaye babu wanda ya kai ni sanin siyasar duniya. Mai karanta labarai zai gama nasa, ni kuma in ɗora nawa sharhin, rediyon bawan Allah na buɗe a gabana har dalmar da na narka ta sake daskarewa. Ga ni da son rubuta wa gidajen rediyon ƙasashen waje, na Gabas da na Yamma ban bar kowa ba, ba don komai ba sai don in ji an ambaci sunana da na garinmu. Su kuma sukan aiko mini da kalanda da mujallu, in liƙa a bango ina hura hanci.

A wannan lokacin ne aka shiga wancan yaƙin na ƙasashen Larabawa, wanda Turawan Yamma suka yi taron dangi a cikinsa. Majalisarmu ta rabu biyu. Wasu suka ce ƙasarmu ta lallaɓa ta bi bayan manya, tunda su ke da kuɗi da makamai, kuma faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Wasu suka ce duk wanda ya ɗaga wa Bature yatsa gwarzo ne, ko me ya aikata. Kalmar ta'addanci kuwa kullum tana bakin masu labarai, wannan tasha ta kira wancan ɗan ta'adda, ka murɗa kaɗan ka ji wata tashar ta mayar wa mai faɗar. Ni da nake sauraron kowane ɓangare, matsayina ɗaya ne, kuma har yau ban sauya ba. Duk wanda ya kashe mace tana tsaka da girki, ko yaro yana barci, ɗan ta'adda ne, ko a jirgin sama ya zo ko a ƙafa. Ƙasarmu kuma bai kamata ta zama raƙumi da akala a hannun kowa ba. Ɓangarorin biyu duk ba su so wannan magana ba, amma ana gama musu a sha shayi a watse.

Da a nan na tsaya, da babu abin da zai same ni. Sai dai sojoji sun buɗe fagen siyasa a shekarun, kuma jam'iyyarmu za ta zaɓi shugaban mazaɓa. Akwai wani Alhaji, babban dillalin hatsi, da yake ganin kujerar tamkar gadon gidansu ce. Yana da wasu matasa 'yan banga da ke binsa da gorori. In ana taro wani ya yi tambayar da ba ta yi masa daɗi ba, su za su ba da amsa. Sun taɓa fasa wa wani manomi daga Jajaye kai, don kawai ya tambayi inda takin da aka ce an kawo ya shiga.

Ranar wani taron jam'iyya aka ɗauko zancen yaƙin nan, Alhaji yana ta la'antar 'yan ta'addan duniya. Sai bakina ya riga hankalina miƙewa. Na ce:

"Alhaji, Allah ya ƙara girma. Muna ta tsine wa 'yan ta'addan ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, alhali ga namu nan a bakin ƙofa riƙe da gora, mu muke ba su kuɗin shayi. In shugabancin jam'iyya sai da gora ake riƙe shi, me ya raba mu da waɗanda muke zagi?"

Sai aka ɗauki tafi daga can baya. Wannan tafin shi ya kai ni ya baro. Kafin in isa gida kaina ya kumbura, samari suna ta zuga ni, washegari na ce ni ma ina neman kujerar.

Alhaji bai ce mini uffan ba, murmushi ma yake yi in mun haɗu. Amma ba a jima ba sai zance ya fara zagaya gari. Wai ina Kano lokacin rikicin addinin nan na farkon shekarun tamanin, wanda aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma wai ni ragowar mutanen da suka tayar da shi ne. Wai ƙasashen waje na aiko mini da saƙo a rufe. Wai doguwar eriyar nan da ita nake magana da iyayen gidana na ƙetare. To, ina Kano lokacin, gaskiya ne, amma a ƙarƙashin teburin maigidan da ke koya mini sana'a na yi rikicin, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Saƙo ma ana aiko mini, kalanda ce mai hoton duwatsu da furanni. Eriya kuwa ko Karaye ba za ta kai maganata ba. Amma ƙaryar da aka kwaɓa da gaskiya wuyar wankewa gare ta, kuma a yankinmu akwai gidajen da suka rasa 'ya'yansu a wancan rikicin, ba su manta ba.

Wata ranar kasuwa, gari cike, wasu jami'an tsaro na farin kaya suka zo da mota. Suka sauke eriyar, suka ɓamɓare kalandun bango, suka ce in shiga mu je Karaye. Sun yi mini tambayoyi har rana ta yi sanyi, suka ga babu komai a cikina sai surutu, suka sallame ni. Ɗaya daga cikinsu ma har ya tambaye ni me ke sa rediyonsa shan batir. Sai dai duk kasuwa ta ga tafiya da ni, dawowata kuwa a bayan motar itace na yi ta, ba wanda ya kula.

Daga ranar bencina suka zama na awaki. Masu rediyo suka riƙa aikowa a karɓar musu kayansu, a gyare ko ba a gyare ba. Wanda muka saba gaisawa har da tambayar iyali da gona, sai ya ɗaga hannu daga nesa ya ƙara sauri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masallaci. In aka tayar da salla, sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa, an bar fili tsakanin kafaɗata da tasa. Ban taɓa sanin ɗan wannan filin zai iya hana mutum cin abinci ba sai da ya same ni.

Ga zaɓe kuma ya matso. Waɗanda ba su riski lokacin ba, bari in gaya muku yadda ake yi. Ba akwati, ba asiri. Ƙato bayan ƙato ake kiransa. Ɗan takara zai tsaya a fili, duk mai son sa ya zo ya yi layi a bayansa, rana tsaka, gari na kallo, a ƙirga kawuna. Maƙwabcinka ya san inda ka tsaya, surukinka ya sani, wanda kake sayen hatsi a wurinsa ma ya sani. A lokacin kujerar ta riga ta fita daga raina. Abin da ke gabana shi ne sunana. In na janye, za a ce ga shi nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In kuma na tsaya ba wanda ya zo bayana, to gari ya yanke hukunci ke nan a bainar jama'a, kuma zaman Rogo ya ƙare mini, ni da 'ya'yan da zan bari da wannan tambarin.

Na je wurin abokina, wani tela da muka tashi tare tun muna kiwon awaki. Ya rufe ƙofar shagonsa, abin da bai taɓa yi ba da rana, ya ce in yi wa Allah in janye, in tafi Kano na ɗan lokaci har ƙura ta lafa. Na ce masa ba inda za ni. Na tambaye shi ko zai tsaya a bayana. Ya daɗe yana gyara zare a keken ɗinkinsa, zaren da ba abin da ya same shi, sannan ya ce:

"Ka san ina da iyali. Shagon nan ma na ƙanin Alhaji ne."

Ban ga laifinsa ba, amma na fito jikina a sanyaye.

Ana jibi zaɓe na hau keke na tafi rugarmu, can wajen Fulatan, wurin mahaifiyata. Ban san abin da na je nema ba, don ni ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta asali. Wanda ya san kunyar ɗan fari a wurin Fulani ya san abin da nake nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a cikin gari. Tun da na yi wayo mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko mai suna irin nawa sai ta laƙaba masa wani. Ba ta kallon fuskata. In na durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In wani baƙo ya tambaye ta ko ni ɗanta ne, sai ta ce ɗan gidan tsohuwa ne. Ba ƙiyayya ba ce, haka ta tarar ana yi, kuma a wurinsu macen da ta nuna ɗan farinta a gaban mutane ta zubar da mutuncinta. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka duk maganar da za ta yi da ni sai ta bi ta bakin ƙanwata, ko da kuwa muna zaune a tabarma ɗaya.

Na same ta tana kaɗa nono. Na gaishe ta, ta amsa wa ƙwaryar. Na zauna na kwashe labari duka na faɗa wa ƙanwata, da ƙarfi yadda mai kaɗa nono za ta ji. Hannunta bai tsaya ba har na gama. Can ta ce wa ƙanwata:

"Tambaye shi, abin da ake faɗa, akwai hannunsa?"

Na ce wallahi babu.

Ta ce, "To ki dama masa fura."

Shi ke nan abin da na samu. Na sha furar, na hau kekena. A hanya har da 'yar ƙwallata, ƙato da ni, ina cewa a raina yau ko uwar da ta haife ni fura kawai ta iya ba ni.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a filin firamare. Jami'an jam'iyya sun zo daga Karaye sun kafa tebur. Aka kira mu, ni da Alhaji, aka ce kowa ya tsaya ya fuskanci teburin. Kafin a gama sanarwa na ji rugugin ƙafafu sun nufi ɓangarensa. 'Yan gorarsa kuwa suka jeru a gefe, ba su taɓa kowa ba, kallo kawai suke yi su ga wanda zai nufo ni. Sauran jama'a, har da samarin da suka zuga ni, suka tsaya can gindin mangwaro kamar masu jiran mota. Da gefen ido na hango abokina a cikinsu, ya sunkuyar da kai.

Na ƙi waiwayawa don tsoro. Rana tana bayana, don haka inuwata na gabana a ƙasa, ita kaɗai, na zuba mata ido. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Na dai ji ana ƙus-ƙus, wani ya yi dariya, babban jami'in ya duba agogo ya ce in babu mai zuwa za a fara ƙirga.

Sai na ga wata inuwa ta matso kusa da tawa, da ƙwarya a kanta. Aka sauke ƙwaryar a hankali. Ƙamshin nono da hayaƙin ruga ya bugi hancina. Na ce a raina ba zai yiwu ba, wata mai tallar nono ce ta ɓata hanya.

Jami'in ya taso ya ce, "Inna, sannu. Nan layin zaɓe ne. Kina da katin jam'iyya?"

Ta ce ba ta da shi. Da jin muryar na tabbata mahaifiyata ce.

Ya ce, "To ai ba za a ƙirga ki ba, Inna."

Ta ce, "Ban zo a ƙirga ni ba."

Sai ɗaya daga cikin 'yan gorar ya matso, yana ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce, "Inna, kin kuwa san bayan wanda kika tsaya? Kin san abin da ake faɗa a kansa?"

Mahaifiyata ba mai ɗaga murya ba ce, amma filin ya yi shirun da ko tari babu. Ta ce:

"Na sani. Ni na haife shi. Ɗana ne, na fari. Na tambaye shi ya ce babu hannunsa, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Da Hausa ta faɗa, ba da Fulatanci ba, don kada wani ya ce bai ji ba.

Baƙon da bai san mu ba zai ce ai uwa ce, dole ta kare ɗanta. Amma duk wanda ke filin nan ya san abin da ta yi. Na ji wata tsohuwa ta ja salati. Daga baya aka gaya mini matan Fulanin da suka zo kasuwa rufe fuskokinsu suka yi da gyale, kamar su aka tsiraita. Mace mai shekarunta ta tako tun daga ruga, ta tsaya a tsakiyar maza, ta ajiye kunyar da ta riƙe tun tana amarya, kowa ya san ba za ta yi wannan a kan ƙarya ba.

A lokacin babu abin da nake so kamar in juya in kalle ta. Amma na san in na juya dole idonmu ya haɗu a gaban jama'a, kuma nauyin da ta ɗauka ya isa haka. Sai na ci gaba da kallon tebur, hawaye na bin gemuna, ban ko share ba.

Wanda ya fara motsawa wani dattijo ne daga rugar da ke kusa da tamu, kuma daga layin Alhaji ya fito. Na ji ƙarar sandarsa tana matsowa, yana cewa shi dai ba zai bar wannan baiwar Allah ta tsaya ita kaɗai ba. Sai manomin nan na Jajaye da aka fasa wa kai. Daga nan na daina gane ƙafafu. Can na ji wani ya yi gyaran murya a baya, irin wanda na sani tun muna yara, na gane abokina ya baro gindin mangwaro. 'Yan gora suka rasa wanda za su harara.

Kada in cika ku da daɗin baki, ban ci zaɓen ba. Alhaji ya fi ni mutane, ya hau kujerarsa, kuma da na ga irin wahalar da ke cikinta daga baya har godiya na yi wa Allah. Amma layina ya yi tsawon da ba wanda ya isa ya sake cewa gari ya ƙi ni. Alhaji da kansa ya zo ya ba ni hannu a gaban jami'an, ya ce siyasa ce, kowa ya yi haƙuri. Daga ranar zancen ya mutu. Kasuwar da ta biyo baya rediyoyi suka dawo, majalisa ta cika, aka ci gaba da musun wane ne ɗan ta'adda, ni kuma na ɗan rage baki, ko da yake matata ta ce ita ba ta ga alama ba.

Lokacin da aka gama ƙirga na juya, mahaifiyata ba ta wurin. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tun ana tsakiyar lissafi. Ƙanwata ta ce ko nonon ba ta sayar ba, da shi ta koma gida, ta shiga ɗaki. Ta daɗe ba ta sake taka kasuwar Rogo ba, saboda ba ta iya haɗa ido da mutane, kuma sa'o'inta sun yi ta yi mata tsiya har ta tsufa. Da na je yi mata godiya, tun kafin in buɗe baki ta tashi ta shiga garke wai za ta duba maraƙi. Muka koma yadda muke, tana amsa gaisuwata tana kallon bango, har Allah ya karɓi abarsa.

Na ga siyasa iri-iri bayan wannan. Na ga masu rantsuwa da Alƙur'ani cewa suna tare da kai, da yamma ka gan su a motar abokin hamayyarka. Na kuma ga yadda ake ɗaukar kalma mai nauyi irin ta'addanci a jefi wanda ake so a kawar, don an san ba mai son a gan shi kusa da wanda aka jefa. Shi ya sa har yau in na ji an yi wa mutum irin wannan tambarin ba na saurin matsawa daga gefensa, sai na bincika. Kuma in ana zancen jarumtaka a majalisa, ana kawo sunayen manyan duniya, ni dai na san tawa jarumar, tallar nono take yi.

'Ya'yana kan tambaye ni ko ban yi da-na-sanin ƙin waiwayawa ba. Wani lokacin ina yi, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta ce ni ɗanta ne, kuma duk Rogo sun ga fuskarta lokacin da take faɗa, ban da ni. Amma na ji muryarta, a daidai bayan kunnena, kuma ko kaɗan ba ta yi rawa ba.